Hoto Shaidar Tarihi: Kyamarar Fim da ta Dijital a Ma'aunin Tarihin Birnin Kano



Gabatarwa

Batun da zan yi magana a kansa a yau shi ne na'urar ɗaukar hoto, watau kyamara, da muhawarar da ake yi tsakanin masu ɗaukar hoto a kan tituna da wuraren tafiye-tafiye: shin kyamara mai aiki da fim ya kamata mutum ya rataya, ko kuwa ta dijital wadda yanzu take cikin aljihun kowa? In na ce fim, ba na sinima nake nufi ba. Ina nufin siririyar robar nan da ake naɗewa cikin ɗan gwangwani, a ɗura wa kyamara, in ta cika a kai wa mai wanki.

Wani zai ce wannan gardama ce ta ma'abota sha'awa a Turai da Amurka, waɗanda suka ƙoshi har suka koma neman tsohon yayi. Ni kuwa a ganina mu mutanen Kano muna da ruwa da tsaki a cikinta, domin a ƙarƙashinta akwai tambayar da ta shafi tarihinmu kai tsaye: cikin ɗimbin hotunan da ake ɗauka na wannan birni kullum, wanne ne zai kai ga jikokinmu? Hausawa sun ce gani ya kori ji. Amma gani yana mutuwa tare da mai ganin, sai fa in an ɗaure shi a jikin wani abu mai ɗorewa. Saboda haka manufar wannan lacca ita ce mu bi tarihin hoto a Kano, mu ga wane irin hoto ne ya tsira, a hannun wa ya tsira, kuma don me. Da wannan ma'auni za mu auna kyamarorin nan biyu.

Asalin Hoto da Yadda Fim Yake Aiki

A shekarar 1839 aka bayyana wa duniya fasahar Louis Daguerre a birnin Faris, inda ake kama sura a kan farantin tagulla da aka shafe da azurfa. Kowane faranti hoto ɗaya ne tak, ba ya haihuwa. A Ingila kuwa William Henry Fox Talbot ya bi wata hanya dabam, wadda ya yi wa rajista a 1841: a fara kama surar a juye, fari ya zama baƙi, baƙi ya zama fari, sa'an nan a fitar da kwafi ko nawa ake so daga wannan uwa. Wannan uwar ita ce masu hoto suke kira negetif, kuma ina roƙon masu sauraro su riƙe ta a zuciya, domin ita ce ƙashin bayan maganarmu.

Shekaru da yawa aikin hoto aikin masu ƙarfi ne, ga farantan gilashi, ga kwalaben sinadari, ga akwati mai ƙafa uku. Abubuwa biyu suka sauƙaƙa shi. Na farko, a 1888 George Eastman na Amurka ya fito da kyamarar Kodak mai naɗaɗɗen fim na hoto 100. Na biyu, a 1925 aka fara sayar da kyamarar Leica a Jamus, ƙarama ce mai shiga aljihun riga, tana aiki da fim mai faɗin milimita 35 wanda yake ɗaukar hoto 36. Da ita mai hoto ya sami damar kutsawa kasuwa da lungu ba tare da ɗan dako ba. Daga nan ɗaukar hoton titi ya zama fanni mai zaman kansa, kuma littafin hotuna na Bafaranshen nan Henri Cartier-Bresson, wanda ya fito a 1952, ya zama abin koyi ga masu wannan sana'a.

Yadda fim yake aiki ba shi da wuyar fahimta. An shafa wa robar wani danƙo da ake samu daga ƙashi da fatar dabbobi, a cikinsa akwai ƙananan ƙwayoyin gishirin azurfa masu jin haske. In aka danna kyamara, hasken da ya taso daga fuskar mutum ko bangon gida sai ya ratsa gilashi ya taɓa waɗannan ƙwayoyi. A ɗakin duhu ruwan sinadari na farko yana mai da ƙwayoyin da haske ya taɓa su zama azurfa baƙa, na biyu ya tsai da aikin na farko, na uku ya wanke ragowar da haske bai taɓa ba. Abin da ya saura shi ne negetif. Ke nan negetif abu ne mai jiki, wanda yake wurin a lokacin da abin ya faru, kuma duk wanda ya ɗaga shi ga haske zai ga abin da yake ciki ba tare da wata na'ura ba.

Kano a Idon Kyamarar Baƙi

Lokacin da Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya iso Kano a watan Fabrairu na 1851, alƙalami da takarda ne kayan aikinsa. Surar birnin daga kan Dala da take cikin littafinsa zane ce, wadda wani mai zane a Jamus ya gyara daga abin da Barth ya zayyana. Kyamara ta shigo ƙasar nan sosai ne tare da rundunar Turawan mulkin mallaka, waɗanda suka ci Kano ran 3 ga Fabrairu 1903. Kuma tun daga farko ba a matsayin abin wasa ta shigo ba. Masana tarihi sun ruwaito cewa bayan yaƙin Burmi a watan Yuli na wannan shekara, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada, Turawa sun ɗauki hoton gawarsa suka yaɗa a ƙasar Arewa don su karya zuciyar masu bin sa. Wanda ya san wannan ba zai yi mamakin yadda kakanninmu suka riƙa ɗari-ɗari da mai kyamara ba.

Wannan unguwa ta Nassarawa tana da babban rabo a labarin. A nan gidan Sarki na wajen gari yake, inda aka binne Sarki Abbas, wanda ake kira Maje Nassarawa, a 1919, aka kuma binne Sarki Ado Bayero a 2014. A wannan yanki Turawa suka kafa unguwar zamansu. A nan kuma Hanns Vischer, ɗan asalin ƙasar Suwizalan wanda Kanawa suka raɗa wa suna Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a 1909. Vischer matafiyi ne tun kafin ya zama malamin makaranta: a 1906 ya ƙetare Sahara daga Tarabulus zuwa Barno tare da ayari, ya kuma buga littafin tafiyar a 1910 ɗauke da hotuna. Gidan da ya zauna, watau Gidan Ɗan Hausa, yana nan har yau a hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano.

Bayan layin dogo ya iso Kano a 1911, jirgin sama kuma ya fara sauka a 1925, sai birnin ya zama zango ga matafiya masu kyamara. Zan ambaci uku. Walter Mittelholzer, matuƙin jirgin sama daga Suwizalan, ya biyo ta Kano a tafiyarsa ta zuwa Tafkin Chadi a ƙarshen 1930 da farkon 1931, ya ɗauki birnin daga sama da kuma daga ƙasa. A hotunansa ana ganin soraye da kududdufai, da filayen noma a cikin ganuwa waɗanda yanzu duk sun zama gidaje. E. H. Duckworth, jami'in ilmi kuma editan mujallar Nigeria, ya shafe shekaru yana zagaya ƙasar nan da kyamara tun daga shekarun 1930. Eliot Elisofon na mujallar Life ta Amurka ya zo Kano a 1959, ana gab da samun 'yancin kai.

To, ina hotunan nan suke a yau? Na Mittelholzer suna ɗakin karatu na babbar jami'ar fasaha ta birnin Zurik. Na Duckworth suna Jami'ar Northwestern a Amurka. Na Elisofon, wanda ya rasu a 1973, suna gidan adana fasahar Afirka na cibiyar Smithsonian a Washintan. Duk ukun an adana negetif ɗinsu, an rubuta wuri da shekara, sa'an nan da zamani ya zo aka kwafe su a kwamfuta aka sa a intanet. Ɗalibin da yake son ganin yadda Kano take a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, sau da yawa ƙofar waɗannan gidaje zai ƙwanƙwasa.

Muhimmancin wannan ajiya yana fitowa fili in muka tuna abubuwan da suka shuɗe. Dalar gyaɗa, wadda sunan Alhassan Ɗantata ya haɗu da ita, ta ɓace daga filayen Kano a shekarun 1970, bayan fari da cutar gyaɗa ta 1975 da kuma karkatar ƙasa ga man fetur. Yaron da aka haifa bayan haka bai san ta ba sai a hoto, ko a zanen dalar buhuna da yake bayan takardar naira 200. Tsohon masallacin Juma'a na ƙasa ya ba da wuri ga sabon gini a farkon shekarun 1950. Tsohuwar Ƙofar Na'isa an rushe ta a 2010 don faɗaɗa hanya. Duk wanda zai yi rubutu a kan waɗannan, dole ya nemi tsohon hoto.

Sai dai hotunan baƙi suna da gurgunta. Baƙo abin da ya ba shi mamaki yake ɗauka: hawan daba, karofin Ƙofar Mata, raƙuma, Kasuwar Kurmi. Kuma galibi ba ya tambayar sunan wanda ya ɗauka. Sai ka ga dattijo mai mutunci, wanda wataƙila jikokinsa suna cikin wannan zaure, an rubuta a ƙarƙashin hotonsa cewa wani Bahaushe ɗan kasuwa, ke nan.

Masu Hoto na Gida

'Yan ƙasa ba su zauna suna kallo kawai ba. Tun ƙarshen ƙarni na 19 Jonathan Adagogo Green yake aikin hoto a Bonny, George Da Costa kuma a Legas. A Kano, bayan kafuwar Sabon Gari a wajen 1913, shagunan ɗaukar hoto sun bunƙasa a can, galibi a hannun mutanen Kudu, kafin 'yan gari su koyi sana'ar su buɗe nasu. Dattawan da suke wannan zaure za su tuna mai hoton bakin titi, mai akwatin katako, wanda yake cusa hannu cikin akwatin ya wanke hoton a ciki, ka jira ka karɓa nan take. Bukatar fasfo don aikin hajji, da takardun makaranta, da neman aikin gwamnati, ita ta fara kai mutane da yawa gaban kyamara. Daga baya sai hoton Salla da na biki da na suna suka zama al'ada, kundin hotuna ya zama abin da ake miƙa wa baƙo in ya zauna. Jaridu ma sun tara taska mai yawa, tun daga Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara a 1939, zuwa New Nigerian a 1966, da Triumph ta Kano a 1980.

Wannan ita ce Kano ta ciki, wadda baƙo bai gani ba: irin ɗinkin da ake yayi, da kafin hula, da ɗaurin ɗankwali, da wanda ya tsaya kusa da wa. Abin takaici shi ne yawancin wannan taska ba ta sami mai riƙo ba. Shaguna da yawa da suka rufe, ko suka sauya sana'a, negetif ɗinsu ya tafi tare da gara da ruwan sama da bola.

Maƙwabtanmu sun nuna mana abin da muka yi hasara. A Bamako, Seydou Keïta ya buɗe shagonsa a 1948, ya adana dubban negetif ɗinsa, har a shekarun 1990 duniya ta gane darajarsu. Malick Sidibé, shi ma na Bamako, wanda ya bi samari da 'yan mata wuraren bukukuwansu a shekarun 1960, ya karɓi babbar lambar yabo ta bikin fasaha na birnin Benis a 2007. A Yamai, Philippe Koudjina ya bar mana rayuwar birnin ta bayan 'yancin kai. A Benin ta Nijeriya, hotunan Solomon Alonge, mai hoton fadar Oba, an baje kolinsu a Washintan a 2014. J. D. Okhai Ojeikere kuwa, tun daga 1968 ya riƙa ɗaukar salon kitson matan Nijeriya har ya tara kusan dubu. Babu wanda cikin mutanen nan ya mallaki kayan aikin da babu irinsu a Kano. Abin da ya raba su da takwarorinsu shi ne negetif ɗinsu ya tsira.

Zuwan Dijital

Abin mamaki, a cikin kamfanin Kodak aka ƙera kyamarar dijital ta farko. Wani injiniya mai suna Steven Sasson ya haɗa ta a 1975, nauyinta ya kusa kilo 4, tana ɗaukar daƙiƙa 23 kafin ta rubuta hoto ɗaya a kan kaset. A irin wannan kyamara babu azurfa. Haske yana faɗawa kan wani ɗan allo mai ji, a mai da shi lambobi, a ajiye lambobin. Jaririn da aka haifa a gidan shi ya cinye gidan: a 2009 Kodak ya daina yin fim ɗinsa mai launi na Kodachrome, wanda ya fara tun 1935, a 2012 kuma ya shiga kotu neman kariya daga masu bin sa bashi. A Nijeriya wayar salula ta zo a 2001, cikin 'yan shekaru kuma waya mai kyamara ta kai hannun ɗan acaɓa da mai shayi.

Adalci ne mu faɗi alherin wannan sauyi. Hoto ya fita daga hannun 'yan tsiraru. Mata a cikin gida suna ɗaukar rayuwarsu da kansu. Ɗan jarida yana aika hoto daga Dawanau ya isa Landan kafin ya koma ofis. Ba a taɓa ɗaukar Kano hoto da yawa kamar yanzu ba.

Amma yawa dabam, ɗorewa dabam. Hoton dijital ba ya ganuwa sai da na'ura mai fassara lambobinsa, na'urori kuwa suna tsufa da sauri. Misali sananne shi ne na Ingila. A 1086 aka rubuta babban kundin ƙidayar ƙasa a kan fata, kuma har yau ana karanta shi. A 1986 gidan rediyon BBC ya yi sabon kundi na zamani a kan faifan lesa don cikar shekara 900. Kafin a yi shekara ashirin sai da masana suka yi aikin ceto, domin na'urorin da suke karanta faifan sun kusa ƙarewa. A 2019 dandalin MySpace ya sanar da ɓacewar waƙoƙi da hotunan da mutane suka ɗora na tsawon shekaru. A 2015 Vint Cerf, ɗaya daga cikin waɗanda suka gina intanet, ya yi gargaɗi cewa wannan zamani yana iya zama duhu ga masu tarihi na gaba, ya kuma shawarci mutane su buga hotunan da suke ƙauna a takarda. A nan gida ba sai mun je nesa ba. Waya takan faɗa ruwa, ko a ƙwace ta a lungu, ko a manta lambar sirri, ko mai ita ya rasu ba wanda ya san mabuɗinta. Shi ke nan, shekara biyar ko goma na tarihin iyali sun tafi a rana ɗaya.

Dalilan Zaɓen Fim

Ganin haka ya sa wasu masu hoto, har da matasan da aka haifa cikin zamanin dijital, suka waiwayi fim. Kasuwa ma ta amsa: Kodak ya dawo da fim ɗin Ektachrome a 2018, Leica ya sake ƙera kyamarar M6 a 2022, aka kuma fito da sabuwar kyamarar fim ta Pentax 17 a 2024. Bisa ga tarihin da muka bi, ina ganin dalilai huɗu ne suka dace da halinmu.

Na farko shi ne jiki. Negetif na baƙi da fari, in an wanke shi da kyau aka ajiye a wuri mai sanyi da bushewa, yana wuce shekara ɗari. Shaida kuwa ita ce hotunan Mittelholzer da muke kallo yau bayan shekara fiye da casa'in. Wanda ya tsinci negetif a akwatin kakansa ba ya bukatar lambar sirri.

Na biyu shi ne ƙididdiga. Mai hoto 36 kacal a cikin kyamara, kowane ɗaya kuma da kuɗinsa, ba ya danna sai ya duba. Zai tsaya ya karanci haske, ya jira mai kura ya shigo inda yake so, ya tambayi kansa ko wannan abu ya cancanci a adana shi. Wanda ya dawo daga Agadas ko Katsina da hoto saba'in yana iya zama ya rubuta bayanin kowanne. Wanda ya dawo da dubu uku, da wuya ya sake buɗe su.

Na uku shi ne ladabi, kuma wannan ya fi shafar mu. Salon Turai na ɗaukar hoton titi, inda ake ɗaukar mutum bai sani ba, bai dace da al'ummar da ta ginu a kan sallama da kunya da kare mutunci ba. Gidan Bahaushe yana da zaure, kuma zaure iyaka ne. Mai kyamarar fim, da yake ba shi da hoton ɓarnatarwa, ya fi kusa da ya yi sallama, ya gaisa, ya nemi izini, ya tambayi suna. Ta haka yake gyara gurguntar da muka gani a hotunan baƙi. Ba na cewa fim ne yake koya wa mutum tarbiyya. Cewa nake yi jinkirin da yake tilastawa yana ba tarbiyya wurin zama.

Na huɗu shi ne shaida. Yanzu ƙirƙirarriyar basira tana haɗa hoton abin da bai taɓa faruwa ba. A 2023 wani Bajamushe mai suna Boris Eldagsen ya ci kyauta a gasar hotuna ta duniya ta kamfanin Sony, sa'an nan ya ƙi karɓa, ya bayyana cewa na'ura ce ta ƙirƙiri hoton. Gaskiya ne tun zamanin fim ana yin algus, kamar yadda gwamnatin Stalin ta riƙa goge mutane daga hotuna a Rasha. Amma naɗin negetif yana nuna hoton da ya gabata da wanda ya biyo baya a jere, kuma taɓa shi yana barin tabo da masani zai gane. Ga mai tarihi da alƙali, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ga matafiyi akwai ƙarin fa'ida. Tsofaffin kyamarori irin su Pentax K1000 da Nikon FM2 da ƙarfen cikinsu suke aiki, batir ɗinsu na ma'aunin haske ne kawai. A ƙauyen da babu lantarki ba su san neman caji ba.

Wahalhalun da Suke Tattare da Fim

Ba zan ɓoye wa masu sauraro nauyin wannan zaɓi ba. Fim da sinadaransa daga waje ake shigo da su, kuma tun daga gyaran tattalin arziki na 1986 duk abin da ake saye da kuɗin waje yake ƙara tsada. Mafi yawan wuraren wanke hoto sun koma bugawa daga kwamfuta, saboda haka mai son fim sau da yawa sai ya koyi wanki da kansa. Ma'aunin zafin da aka saba wanke fim na baƙi da fari a kai shi ne digiri 20, alhali zafin Kano a watan Afrilu yana kai 40, dole a sanyaya ruwa. Ƙurar hunturu tana manne wa negetif in ana shanya shi. Sababbin na'urorin binciken kaya a filayen jirgin sama suna lalata fim ɗin da ba a wanke ba, sai an roƙi a duba shi da hannu. Fim mai launi yana koɗewa da sauri fiye da na baƙi da fari. Tsohon negetif kuma in ya sha zafi da laima yakan fara warin tsami ya lanƙwashe, alamar ya kama hanyar lalacewa.

Wannan ya dawo da mu ga darasin da tarihin Kano ya koyar. Hoton da ya tsira shi ne wanda ya haɗa abu uku: jiki, da bayani, da mai riƙo. Fim yana ba da na farko kyauta. Sauran biyun aikin mutum ne. Shagunanmu da suka rufe ai da fim suka yi aiki, amma bai cece su ba.

Kammalawa

Shugaban taro, zan rufe da shawarwari. Ga ɗalibai, musamman na sassan Hausa da tarihi da aikin jarida: wanda yake da hali ya nemi tsohuwar kyamarar fim, ya zaɓi unguwa ɗaya ko sana'a ɗaya, ko dukawa ne ko maƙera ko masu rini, ya ɗauke su da izininsu, ya rubuta suna da wuri da rana a littafi. Wanda ba shi da hali ya yi aiki da wayarsa amma da ɗabi'ar mai fim: ya rage dannawa, ya zaɓi kaɗan, ya buga su a takarda mai kyau, ya rubuta bayani a baya. Kowa kuma ya koma gida ya zauna da tsofaffi a kan kundin hotunan iyali tun suna raye, domin ranar da mai sanin fuskokin nan ya rasu, hoton ya zama na wani Bahaushe ɗan kasuwa.

Ga ma'aikatan gwamnati: a ma'aikatun yaɗa labarai da gidajen jaridu da ƙananan hukumomi akwai kabad-kabad na tsofaffin hotuna da negetif. Kada a zubar da su in za a sauya ofis. A ƙidaya su, a sa su cikin ambulan marasa laima, a kwafe su a kwamfuta don amfanin jama'a, a kuma riƙe na asali. Muna da gidajen da suka dace da wannan amana, kamar Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a nan Kano, da Gidan Arewa da Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna. Duk ginin tarihi da za a taɓa don aikin hanya, ya kamata a ɗauke shi hoto ta kowace fuska kafin a sa masa diga. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. Ya dace a ce cikakken kundin hotunan wannan hawa, da sunan kowane hakimi da kowane zagi, a Kano yake, kuma hannun Kanawa ne ya haɗa shi.

Don gobe ake wanke tukunya.